Shin Mutum Zai Iya Zama Na Kirki Ba Da Addini Ba?

Ina farawa da sunan Allah, ina gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako. 

Dalilin darasinmu na wannan mako shi ne wata tambaya da wani tsohon almajirina ya kawo mini. Yaron nan na koya masa nahawu da sarfu tun yana ɗan shekara 13, daga baya ya tafi Turai neman ilmin injiniya, ya yi shekara 4 ya komo. Ran da ya zo gaishe ni, bayan mun sallaci la'asar, sai na ga yana ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin wata magana. Na ce masa ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsohuwar da ta ba ni hayar ɗaki a can ba ta yi imani da kome ba, ko coci ba ta zuwa. Amma da na kwanta ciwo ita ta yi jinyata kwana 9, ba ta karɓi ko sisi ba. Na yar da jakar kuɗina a jirgin ƙasa, aka maido mini da ita ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Na dawo gida, a makon da na sauka, wanda muka yi sahu ɗaya da shi a masallaci shi ya cuce ni wajen canjin kuɗi. To Malam, in mutum zai iya zama na kirki ba da addini ba, wani kuma ga addinin amma babu kirkin, ina amfanin addini wajen gyaran hali?"

Ban tsawata masa ba, ban kuwa ce ya yi istigfari ya yi shiru ba, gama Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Na kuma san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba. Samarinmu da yawa suna da ita a zuci, kunya ko tsoro ke hana su furtawa, alhali kuwa shakkar da aka danne ba a warware ta ba, ita ce ke cin imani a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara. Saboda haka na ga ya kamata in shimfiɗa amsar da na ba shi a nan, tare da ƙarin bayani. Amsar a taƙaice ita ce, irin kirki Allah ya shuka shi a zuciyar kowane ɗan Adam, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, addini kuwa shi ne ruwa da shingen da shukar ke bukata domin ta jure wa fari, ta tsira daga dabbobi, ta kai ga girbi.

ABIN DA HARSHEN LARABCI YA NUNA

Da yake ni malamin Larabci ne, bari in fara daga kalmomi, gama sau da yawa amsar mas'ala tana kwance cikin kalmar da aka yi amfani da ita. Kalma ta farko ita ce fiɗira, wadda ta zo a aya ta 30 ta Suratur Rum. Tushenta faɗara, watau ƙago abu tun farko. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, duk da zurfin ilminsa, bai gane haƙiƙanin wannan tushe ba sai ran da waɗansu Larabawan ƙauye biyu suka zo gabansa suna jayayya a kan wata rijiya, ɗayansu ya yi amfani da kalmar yana nufin shi ne ya fara haƙa ta. To fiɗira ita ce asalin ginin da Allah ya yi wa ɗan Adam kafin iyaye da gari su sa masa hannu. Ayar kuwa ba ta keɓe Balarabe ko Musulmi ba, dukan mutane ta haɗa. Suratush Shamsi, daga aya ta 7 zuwa ta 10, ta ƙara nuna cewa kowane rai an sanya masa sanin hanyar ɓarna da hanyar tsoron Allah, kuma tsirarsa ta rataya ne ga irin kulawar da mai shi ya yi masa.

Ta biyu, ku dubi khalƙu da khuluƙu. Baƙaƙensu uku ne iri ɗaya, in an rubuta su ba wasali ba mai iya rarrabe su. Khalƙu shi ne sifar mutum ta waje wadda ido ke gani, khuluƙu kuwa sifarsa ta ciki, watau ɗabi'a. Harshen da kansa yana gaya mana cewa ɗabi'a wani yanki ce na halitta.

Ta uku, Alƙur'ani yana kiran aikin alheri ma'arufi, yana kiran mugun aiki munkari. Ma'arufi a luga shi ne abin da aka sani, munkari kuwa abin da aka ƙi, wanda zuciya ta ga baƙonta ne. Da a ce mutane ba su da masaniya ko kaɗan a kan kyan gaskiya da munin zalunci kafin wahayi ya sauka, da waɗannan sunaye ba su yi ma'ana a kunnensu ba.

Ta huɗu, akwai hadisin nan sananne da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Imam Ahmad kuma a Musnadi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana maƙasudin aiko shi game da kyawawan ɗabi'u. Fi'ilin da ya yi amfani da shi na ƙarasawa ne da kammalawa. Kowa kuwa ya sani ba a cewa an ƙarasa gini sai in akwai harsashi tun da fari.

SHAIDAR TARIHI

Harsashin nan ba a luga kaɗai yake ba, tarihi ya tabbatar da shi. Kimanin shekara 20 kafin a aiko Annabi, watau wajen shekara ta 590 Miladiyya, wani baƙo daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu, ɗaya daga cikin manyan gari, shi kuwa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon nan ba shi da dangi a garin, sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya yi kukan neman agaji. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi ya tashi, zuriyar Hashimu da Muɗɗalibi da Asadu da Zuhra da Taimu suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka ɗaura alkawari cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har a maido masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa Bazubaide hajarsa. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla shi, Annabi kuwa ya halarta yana saurayi. Bayan zuwan Musulunci ya ambace shi da yabo, ya nuna cewa halartarsa ta fi masa jajayen raƙuma, kuma da za a kira shi ga irinsa a Musulunci da ya amsa.

Haka kuma Muɗ'imu ɗan Adiyyu. Sa'ad da Annabi ya komo daga Ɗa'ifa a shekara ta 10 bayan aiko shi, mutanen garin sun jefe shi, shiga Makka kuma ya zama hatsari, Muɗ'imu ne ya ba shi kariya, shi da 'ya'yansa suka rataya makamai suka raka shi har Ka'aba. Mutumin nan ya mutu bai musulunta ba. Duk da haka, bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 ta Hijira, ga fursunoni kimanin 70 a hannu, Buhari ya ruwaito Annabi ya nuna cewa da Muɗ'imu na da rai ya nemi alfarma a kansu, da ya sakar masa su. Ga kuma Hakimu ɗan Hizamu, ɗan ɗan'uwan Nana Hadiza, wanda ya 'yanta bayi 100 ya kuma bayar da raƙuma 100 tun a Jahiliyya. Da ya musulunta ya tambayi makomar waɗancan ayyuka, aka yi masa bushara cewa ya shigo Musulunci tare da alherin da ya gabatar.

Aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana ta shaida cewa a cikin ma'abota Littafi akwai wanda za ka ba shi ajiyar dukiya mai ɗimbin yawa ya maido maka da ita. A Sahihu Muslim kuma, Amru ɗan Asi, ɗan wancan Asi ɗin da ya hana Bazubaide kuɗinsa, ya lasafta halaye biyar na Rumawa, alhali abokan gāba ne a lokacin. Daga ciki akwai kyautata wa miskini da maraya da mai rauni, da kuma ƙin yarda da zaluncin sarakuna.

A zamaninmu ma mun gani. A shekarar 2010 gubar dalma ta ɓarke a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu. Waɗanda suka tare a wurin suna yi wa dubban yara magani su ne likitocin ƙungiyar nan ta Na-gari Na-kowa, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ba ta kuwa jingina kanta da kowane addini ba.

Saboda haka duk malamin da ya koya wa yara cewa wanda ba Musulmi ba babu alheri ko ƙwaya a tare da shi, ya saɓa wa nassi, ya kuma haƙa wa almajirinsa rami. Gama ran da yaron ya fita duniya ya ga akasin haka da idonsa, zai soma shakkar sauran abin da malamin ya koya masa.

ABIN DA MALAMAN TAUHIDI SUKA CE

Kada almajirina ya zaci shi ya fara wannan tambaya. Malaman tauhidi sun yi ta muhawara a kanta fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da sunan mas'alar tahsini da taƙbihi, watau shin hankali kaɗai yana iya gane kyan abu da muninsa? Mu'utazilawa suka ce yana iyawa, har ma mutum abin kamawa ne bisa abin da hankalinsa ya gane ko da manzo bai zo masa ba. Imam Abul Hasan Al'ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 ta Hijira, wanda kuma galibin malamanmu na da suka bi tafarkinsa, ya tafi a kan cewa wajabci da haramci, lada da zunubi, ba a sanin su sai ta shari'a. Imam Maturidi, wanda ya rasu a 333, da Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, kowannensu ya tabbatar wa hankali ikon gane kyan gaskiya da munin ƙarya, Ibnu Taimiyya kuma ya ƙarfafa cewa babu azaba sai bayan an aiko manzo, bisa aya ta 15 ta Suratul Isra'i. Abin lura shi ne, ko Ash'arawa ba su musa cewa zuciyar ɗan Adam tana son adalci tana ƙyamar zalunci ba. Saɓanin yana wajen hukunci ne da sakamako.

TO INA AMFANIN ADDINI?

Yanzu mun zo ga cibiyar magana. In fiɗira tana nan a zuciyar kowa, me addini ya ƙara? Abu huɗu zan ambata.

Na farko, addini yana faɗaɗa iyakar ƙauna. Ƙaunar da mutum ke tashi da ita tana da ƙarfi a kan na kusa, tana raguwa gwargwadon nisa, in ta kai ga abokin gāba sai ta ƙafe. Larabawan nan masu karamci da cika alkawari, su ne kuma masu tarihi suka ce ƙabilun Bakru da Taglibu sun shafe kimanin shekara 40 suna yaƙin Basusu saboda taguwa ɗaya. Ausu da Khazraju 'yan'uwan juna ne, gari ɗaya, amma shekara 5 kacal kafin Hijira sun karkashe manyansu a yaƙin Bu'asu, aya ta 103 ta Ali Imrana kuwa tana tuna musu wanda ya haɗa zukatansu bayan wannan gāba. Musulunci ya zo ya tura shingen can nesa. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta shaidar gaskiya ko a kan kai da iyaye. Aya ta 8 ta Ma'ida ta hana ƙiyayyar waɗansu mutane ta zama dalilin tauye musu adalci. Aya ta 8 ta Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata wa wanda ba Musulmi ba muddin bai yaƙe mu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito an wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne, ya tunatar da su cewa rai ne shi ma. Fiɗira takan kai mutum ɗaya ɗaya ga irin wannan matsayi, amma addini ya mai da shi farilla a kan kowa, mai taushin zuciya da mai kaushinta.

Na biyu, addini yana sa mai tsaro inda babu idon kowa. Alheri yana da sauƙi in yana da araha, ko in jama'a na kallo. Jarrabawar tana zuwa ne ran da gaskiya za ta ja maka hasara, ƙarya kuma ba mai gane ta. Kun san labarin yarinyar nan mai tallar nono a zamanin Sayyidina Umar, wadda uwarta ta ce ta ƙara ruwa tun da Sarkin Musulmi ba ya ganin su, ita kuwa ta ƙi, domin Ubangijin Umar yana gani. Umar yana bayan katanga cikin sintirin dare, ya aurar da ita ga ɗansa Asimu, daga tsatsonta aka sami Umar ɗan Abdul Azizi, wanda ya yi halifanci daga 99 zuwa 101 ta Hijira. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Amurka, inda aka haramta yin giya da sayar da ita a cikin tsarin mulki daga 1920. Ga 'yan sanda, ga kotuna, ga kurkuku, amma fasa-ƙwauri da gungun 'yan ta'adda suka bunƙasa, har aka soke dokar a 1933. A Madina kuwa, Anas ɗan Malik yana cikin zuba wa mutane giya a gidan Abu Ɗalha mai shela ya sanar da haramcinta, nan take aka tuntsurar da tuluna har ta gudana a lunguna. Nana A'isha ta bayyana asirin abin, cewa ayoyin Aljanna da Wuta aka fara saukarwa, sai da zukata suka nitsu sa'an nan hukunci ya biyo, da an fara da hani da mutane sun ƙi. Doka tana da ɗan sanda, amma ɗan sanda yakan yi barci.

Na uku, addini yana riƙe ma'auni sa'ad da al'ada ta karkace. Fiɗira kamar madubi take, tana yin tsatsa, abin tsoro kuwa shi ne al'umma ɗungum takan saba da mugun abu har ta riƙa ganinsa daidai. Wace ƙauna ta fi ta uba ga 'yarsa? Amma a waɗansu ƙabilun Larabawa tsoron talauci da abin kunya sun sa uba ya binne 'yarsa da rai. An sami irin su Sa'asa'a ɗan Najiya, kakan mawaƙin nan Farazdaƙu, wanda ya riƙa fansar 'yan matan da raƙumansa, amma bai iya kashe al'adar ba, sai da wahayi ya zo. Kada kuma a ce wannan jahilcin mutanen da ne. Jamus tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ilmi sa'ad da ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a yaƙin duniya na biyu. A ƙasar Suwidin, daga 1935 zuwa 1975, an yi wa mutum sama da 60,000 aikin hana haihuwa na dindindin bisa doka, da yawansu a kan matsi, saboda masana na lokacin sun ga waɗansu ba su cancanci barin zuriya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya kamanta hankali da lafiyayyen ido, Alƙur'ani kuma da hasken rana. Mai ido a cikin duhu lalube yake yi, makaho kuwa rana ba ta amfane shi ba. Kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa.

Na huɗu, addini yana ba aiki makoma. Ku tuna Abdullahi ɗan Jud'ana, wanda aka ƙulla Hilful Fuduli a gidansa. Muslim ya ruwaito Nana A'isha ta tambayi Annabi ko ciyar da miskinai da sada zumuncin da mutumin nan ya yi za su amfane shi a Lahira, aka amsa mata da a'a, domin bai taɓa neman gafarar Ubangijinsa saboda ranar sakamako ba. Ga mutum ɗaya, an yabi aikinsa a duniya, an kuma bayyana abin da ya rasa. Allah ba ya zaluntar kowa, a Sahihu Muslim ya tabbata cewa wanda bai yi imani ba ana saka masa kyawawan ayyukansa tun a nan duniya. Amma kyautata wa bayi tare da mance wanda ya halicce su kamar ɗa ne mai kirki ga dukan unguwa, sai dai bai san ƙofar ɗakin mahaifinsa ba. Hukuncin wani mutum ayyananne kuwa, ko saƙo ya isa gare shi a kan fuskarsa ko bai isa ba, wannan na Allah ne shi kaɗai.

MAI SALLA MACUCI FA?

Saura rabi na biyu na tambayar, wanda ya fi ciwo. A ƙididdigar ƙungiyar Transparency International ta shekarar 2023 game da yadda ake ganin cin hanci a ma'aikatun gwamnati, ƙasar Danmak, inda masu zuwa coci kowane mako 'yan kaɗan ne, ita ta zo ta ɗaya wajen tsabta da maki 90 cikin 100. Nijeriya, inda masallatai da coci-coci ke cika maƙil, ta sami maki 25, ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180. Ana iya cewa, kuma gaskiya ne, Danmak ta karɓi addinin Kirista tun wajen shekara ta 965, ɗabi'un mutanenta sun yi shekara 1,000 suna jiƙa a cikinsa, kuma wanda ya gaji gona yakan ci amfanin takin da kakansa ya zuba. Ana iya cewa kuma suna da kotuna da hukumomin da ba su barin mai laifi ya sha. Amma wannan duka bai wanke mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, ya riga ya yi gargaɗi cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe mulki.

Mai salla macuci ba baƙo ba ne ga Alƙur'ani. Suratul Ma'un ta haɗa ƙaryata addini da tunkuɗe maraya da ƙin kula da abincin miskini, sa'an nan ta yi narko ga waɗansu masallata. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narko ga masu tauye mudu. Aya ta 45 ta Ankabut ta bayyana cewa aikin salla shi ne hana alfasha da abin ƙi. A Sahihu Muslim an siffanta matsiyacin gaske da wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare. Imam Ahmad kuma ya ruwaito labarin macen da ta shahara da nafilfili da azumi, amma tana cutar maƙwabta da harshenta, aka ce makomarta Wuta.

Har ma akwai wanda addini ke zama masa makami. Hawarijawa sun fi kowa yawan salla da karatu. Masu tarihi sun kawo cewa ɗayansu ya tofar da dabino guda saboda bai biya kuɗinsa ba, sa'an nan su ɗin suka yanka Abdullahi ɗan Khabbabu, ɗan sahabin Annabi, ba da wani laifi ba. Mu ma mun ga irinsu a Arewa maso Gabas tun daga 2009. Duk addinin da ya kashe tausayin da Allah ya halicci mutum da shi, to a binciki fahimtar mai shi, gama wahayi da fiɗira daga wuri ɗaya suka fito, ba za su yi karo ba. Majinyacin da ya karɓi magani ya zuba a aljihu yana yawo da shi, in ciwonsa ya ƙi warkewa, ba a ce maganin ne ba shi da kyau.

KAMMALAWA

In kuna son ganin wanda ya sha maganin, ga misali. Ran 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, inda Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Maharan suka zo, ya tsaya a ƙofa ya hana su shiga, yana roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. Ba danginsa ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ba kuwa wata doka da ta tilasta masa. A nan tausayin da aka haife shi da shi ya gamu da karatun da ya yi shekaru yana yi, suka tsai da tsoho a gaban bakin bindiga.

Abin da na ce wa almajirina daga ƙarshe shi ne, tsohuwar nan da ta yi jinyarka ka riƙe alherinta har ka mutu, ka riƙa aika mata da gaisuwa da kyauta, ka roƙa mata shiriya, gama godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Wanda ya cuce ka kuwa, kada ka auna Musulunci da shi, shi za ka auna da Musulunci. Sa'an nan ka dubi kanka. Ita da fiɗira kaɗai ta yi maka abin da ta yi, kai kuwa ga fiɗira, ga Littafi, ga Sunna, ga salla sau 5 kowace rana tana tuna maka. In ta fi ka kirki, me za ka ce ranar da za a tambaye ka? Wannan tambaya ba shi kaɗai na yi wa ba, har da ni mai rubutu, da kai mai karatu, ɗan kasuwa a bakin mudunsa, ma'aikaci a bakin teburinsa, malami a gaban almajiransa.

Allah ya kyautata ɗabi'unmu, ya sa ibadarmu ta bayyana a cikin mu'amalarmu, ya shirye mu ya kuma shiryar da mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni, Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.